Ranar da Jakin Dawa Ya Kama Hannun Korau

To, ku matso kusa, mai tauna gyaɗa ya tauna a hankali. Wannan magana ni zan faɗa, amma ku za ku yanke ta.

A Gidan Gwanki an yi wani tsoho, Korau, mai horon dawaki. Shekara arba'in yana wannan aiki. Duk dokin da ya gagari ubangijinsa, mai cizo ne, mai harbi ne, mai tutsu ne, wurin Korau ake kawo shi, kwana bakwai ya mai da shi kamar ɗan rago. Dabararsa guda ce. Ya ɗebo kanwa a tafin hannu, ya miƙa, yana 'yar magana ƙasa-ƙasa. Doki na lasar kanwa, shi yana zura masa ragama. Yakan ce duk abin da Allah ya yi wa kofato, shi Korau zai ɗaura masa sirdi. Wajen cika baki kam, in ka cire ni, ba wanda ya kamo ƙafarsa.

'Ya'yansa uku, duk magidanta. Jatau babba tsoron doki yake yi tun yana ƙarami, sai ya bi manyan motoci, ya yi shekaru a ƙasashe masu nisa, ya dawo da tumbi da labarai. Cindo na tsakiya jakai ya riƙe, yana ɗaukar yashi da itace, uban kuwa ko kallon jakan ba ya yi. Nomau auta shi ya gaji hawa. Abin da Korau ya fi so a duniya goɗiyarsa ce, 'Yar Baƙa, wadda yake ce wa uwar gida in matarsa ba ta kusa.

Wata damina ruwa ya cinye gadar bakin gari. Da hantsi sai ga wata babbar mota ɗauke da dabba cikin akwatin katako, za a kai ta gidan ajiyar namun daji a birni. Direba ya ga ba gada, ya zo juyawa, motar ta karkace cikin taɓo, akwati ya faɗo ya fashe. Abin ciki ya fito a guje ya faɗa tsohon kangon awon auduga. Mutane suka tare ƙofar da itatuwa, aka aika a kira Korau.

Korau ya leƙa ta kan katanga. Shi dai ɗan doki ya gani, gajere, mai ƙiba, an zane shi fari da baƙi tun daga hanci har kofato.

Jatau ya ce, "Baba, jakin dawa ne wannan, ba doki ba ne. Dubi gezarsa a tsaye kamar tsintsiya. Dubi wutsiya, irin ta jakan Cindo ce. Gadon bayan nan a shafe yake, ba inda sirdi zai kama."

Korau ya ce, "Kai da ko akuya ba ka taɓa hawa ba, kai za ka gaya mini doki? Doki ne ya sa rigar saƙi."

"Na gan su inda na je, Baba. Mutanen can tun kaka da kakanni suke tare da shi, ba wanda ya taɓa ɗora masa ko dami guda. Doki wanda zai bi yake nema. Wannan kuwa zaki ne ya yi masa tarbiyya. In ya ciza ba ya saki."

Ana haka dabbar ta yi kuka, ba haniniya ba, wani abu kamar kare mai shaƙuwa. Mutane suka kwashe da dariya. Korau ya ji kamar da shi ake. Ya ɗebo kanwarsa ya shiga.

Ya miƙa hannu, yana 'yar maganarsa. Jakin dawa bai ko shinshina kanwar ba, ya cafke hannun sama da wuyan hannu. Korau an cije shi ya fi sau hamsin a rayuwarsa, ya san doki yakan ciza ya saki ya ja da baya. Saboda haka ya tsaya yana jiran a saki. Ba a saki ba. Aka girgiza shi, aka kayar, aka shiga jan sa a ƙasa, jini na tsartuwa.

Nomau ya jefa igiya mai zarge, yadda ake kama doki. Dabbar ta sunkuyar da kai, igiya ta wuce. Ya sake, ta sake kaucewa, kowace kauciya kuwa da hannun tsoho ake yin ta. Samari suka ɗauko sanduna za su shiga.

To, Jatau ne ya tsai da su. Yana bisa katanga ya daka tsawa, ya ce wanda ya taɓa shi da sanda ya kashe Baba, duka ƙara masa ƙarfin haƙori yake yi. Ya ce a rufe masa ido, in ya ga duhu a toshe masa hanci, dole ya buɗe baki neman iska. Ya fizge bargon direba ya wurgo cikin kango. Amma shi kansa bai sauko ba. Har aka gama yana bisa katanga.

Cindo ne ya shiga. Shi ya saba da dabbar da ba ta jin lallashi, ya san in za ka kusanci mai harbi sai ka manne da kafaɗarsa. Ya ɗauki bargo ya lallaɓa. Kafin ya kai, aka juya masa baya aka ba shi ƙafa biyu a haƙarƙari, har na waje suka ji ƙarar. Ya tashi yana tari, ya koma, ya lulluɓe kan, ya damƙe hancin da hannu biyu bai saki ba sai da bakin ya buɗe. Ya jawo ubansa waje, sa'an nan ya zube. Da ya farfaɗo ya ce shi da farko kunnen ya yi niyyar murɗewa, kamar yadda yake yi wa jakansa.

Saura jini. An ɗaure hannun da rawani, bai tsaya ba. Asibiti na hayin kogi, gada babu, mota na cikin taɓo, kogi ya cika har ya taɓa rassan gawo. Nomau ya ɗaura wa 'Yar Baƙa sirdi, aka ɗora masa tsoho a gaba, ya ɗaure shi a jikinsa da majayi. Ya san inda kogin ke da yashi da inda yake da rami. Ya sa goɗiya a ruwa, ta yi iyo da mutum biyu, ta fita, ya sake mata linzami. Likita ya ce da sun kai azahar, da gawa suka kawo masa.

Jakin dawa kuwa, bayan kwana uku aka tafi da shi, ido a rufe, ba wanda ya hau shi.

Korau ya warke. Har gobe yana gaya wa mutane saura kaɗan ya horar da dabbar yaran nan suka yi masa katsalandan. Amma yatsun hannun dama sun daina rufuwa, ba ya iya riƙe linzami. Ya zauna kusa da turke yana kallon 'Yar Baƙa tana ƙiba ba mai hawa, ya san dole ya ba ɗayansu ita, kuma goɗiya ba ta rabuwa uku.

In ya tuna Jatau, sai ya ce ba don bakinsa ba da sanduna sun gama da ni, ga shi shi kaɗai ya gaya mini gaskiya na zage shi. Sai kuma ya tuna bai sauko daga katanga ba, kuma ko an ba shi goɗiyar sai dai ya riƙa zagaya ta daga nesa. In ya tuna Cindo, sai ya ce wannan haƙarƙarinsa biyu ya bayar, amma da dabarar wani ya shiga, kuma gobe za a ga 'Yar Baƙa da mangalar yashi. In ya tuna Nomau, sai ya ce shi ya ƙetare ruwa da ni, shi ya iya ta. Sai hannun ya yi masa zogi, ya tuna wanda ya jefa igiya har sau biyu.

Tsohon nan har yanzu yana zaune bakin turke bai yanke ba. To, ku da kuka ji komai, mai baki, da mai haƙarƙari, da mai linzami, wa za a miƙa wa ragamar 'Yar Baƙa?