Matar da Ta Share Gindin Ɗakinta

Akwai wata mace wadda ɗakinta na laka yake a kan gangare. Matar nan ba ta iya zama. In ta zauna, sai ta ji kamar wani yana leƙen gidanta ta kan danga, sai ta miƙe ta ɗauki tsintsiya. Da safe shara, da rana shara, rana za ta faɗi kuma shara. Abin da take tarawa rabinsa ƙasa ce, ta kwashe a tsohon kwano ta zubar a hanyar ruwa.

A gindin bangon, daidai inda ruwan rufi yake zuba, akwai kiri-kiri, ciyawar nan mai rarrafe. Wata rana matan zumunta na coci suka aiko cewa ranar Laraba a gidanta za a yi addu'a. Hankalinta ya tashi. Ta dubi ciyawar ta ce a ranta, "Za su ce ni ƙazama ce." Ta ɗauki fartanya ta shiga kankara.

Iya Afiniki, tsohuwar da gidanta yake ƙasa da nata, ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki, 'yar nan. Zinariya kike nema, ko ƙasar ce ta zage ki?"

Ta ce, "Iya, baƙi zan yi."

"A bayan ɗaki za ki shimfiɗa musu tabarma? Bar ciyawar nan, ita take riƙe miki bango. Ƙasar da kike zubarwa kuma wurina take sauka, rijiyata ta kusa zama kunu."

Ta ce, "To, Iya, na ji." Amma hannunta bai tsaya ba sai da ta cire har saiwa.

Matan suka zo, suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka tafi. Ba wadda ta zaga bayan ɗakin.

Sai damina ta sauka. Ruwan fari ya ja layi a gindin bangon, kaurin yatsa. Ta share ya baje. Na biyu ya yi rami, har duwatsun tushe suka fito. Ta cika shi da toka da ɓawon gyaɗa, ruwa ya kwashe. Daga nan ko hadari kaɗan ta gani, sai ta miƙe. Ta fita ta duba, ta dawo, ta sake fita. Da aka yi ruwan kwana uku, bangon ya tsage ya zauna. Da kyar ta fid da 'ya'yanta. Jan ruwa ya ɗauki lakar ya gangara da ita cikin rijiyar tsohuwar.

Iya Afiniki ta fito da buhu a ka ta ce, "Shigo da yaran nan. Magana sai an bushe."

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Ɗakin shi ne zaman gidanmu. Ruwa shi ne gwaji, ba gidan da ba ya sauka. Ciyawar kuwa ita ce ƙananan abubuwan da ba mai yabon mu a kansu: addu'ar da ba wanda ya ji, zama a saurari yaro, ba maigida haƙuri ko da ba mai kallo. Sukan yi kama da ɓata lokaci, shi ya sa su muke fara yarwa in muna so mu burge mutane. Mutanen kuwa ko duba wurin ba sa yi. In gida ya zube kuma, ba mu kaɗai yake ci ba, har da wanda yake ƙasa da mu.

Ni ma hannuna yakan yi saurin cirewa. Kafin mu tumɓuke wani abu saboda idon jama'a, mu fara tambayar Ubangiji ko shi ne yake riƙe da bangon. Mu tambaya yau, tun hadari bai haɗu ba.