Yadda Jatau Ya Koya wa Sarkin Aljanu Dariya

A Birnin Zumurrudu, can bayan tekuna bakwai, inda tsuntsu ke tsufa kafin ya ci rabin hanya, an yi wani sarkin aljanu, Barƙiyanu ɗan Zarƙiyanu, gagarabadau, dodon dawa, mai kalaci a gabas ya wanke hannu a yamma. Aibinsa dai shi ne: gajere ne, siriri sosai, muryarsa kuma kamar ta ladanin da mura ta kama. A da can wannan bai hana mutane suma in sun gan shi ba. Sai 'yan Adam suka ƙirƙiro silima, suka saba da finafinan da aljani ke fitowa ƙato, shuɗi, da tumbi da tukku da zoben kunne, yana ɓaɓɓaka dariya, 'yan mata arba'in na rawa a bayansa. Tun daga nan, in Sarki ya bayyana wa matafiyi, sai a yi masa sannu, a tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi.

To, a al'adar aljanu, sarkin da ya shekara bai razana kowa ba, tuɓe shi ake yi. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, saura kwana bakwai shekara ta cika. Majalisa ta zaɓi Iya Dudu, wata tsohuwa mai daddawa, wadda ba fim ɗin da ya taɓa wuce ta. Ka firgita ta a gabanmu, ko ka ajiye rawani."

Hankalin Sarki ya tashi matuƙa, don sarautar nan ta kakanni ce. Nan take ya aiki guguwa ta ɗauko masa Jatau ɗan Korau, jikan marina, wanda ya shekara talatin yana fitowa aljani a fim, yanzu kuwa yana zaman kashe wando a ƙofar gida, tun da masu fim suka koma ƙera aljanunsu da kwamfuta.

Guguwa ta ratsa da Jatau ta birnin da ganuwarsa azurfa ce zalla, ta haye kogin zuma, ta wuce kasuwar da ake sayar da gajimare mudu-mudu, amma gogan naka ko gezau, sai taɓe baki yake yi. Da aka dire shi a fada ya dubi ginshiƙan zinariya, ya ce, "Ba laifi, amma namu na kwali sun fi ƙyalli."

Sarki ya ce, "Ya kai ɗan Adam, kai ka ɓata mana suna, kai za ka gyara."

Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ɗaya ce, ba ka yi kama da aljani ba. Amma da koyo akan iya."

Aka dulmuya Sarki a karofin shuni sau uku, aka ɗaura masa matashin kai a ciki, aka rataya masa zoben labule a kunne, aka tara aljanu mata arba'in suna koyon juyi da rausaya, suna tattake wa juna ƙafa. Dariya ce ta ba da wahala. Sarki ya yi ta "hi-hi-hi", Jatau na dafe kai yana cewa, "Daga cibiya, ranka ya daɗe, daga cibiya! Ka riƙe ƙugu, ka ɗaga haɓa!" Sai a rana ta shida aka ji wata dariya da ta zubo da ƙasar soro.

Ranar bakwai da hantsi, Iya Dudu na shanya daddawa a tsakar gida, 'yan majalisa suka jeru a kan tsamiya suna kallo. Jatau ya hura ɗanyen ganye, hayaƙi ya turnuƙe, Sarki ya faso daga ciki, shuɗi, ƙato, ya riƙe ƙugu ya saki dariya, masu rawa suka ɓarke da waƙa.

Iya Dudu ta yi guɗa. Ta yar da faifai, ta ɗaure zani, ta shige cikin masu rawa tana cewa, "Wayyo daɗi! Yaro, rabona da aljani na ƙwarai tun mijina na da rai. A ƙaro baiti!"

Zuciyar Sarki ta karye, ya san ta faru ta ƙare. Ya kwance rawani da hannunsa, ya taka zuwa gindin tsamiya, idonsa cike da ƙwalla, ya miƙa shi sama. Ba kowa a kan reshe, sai takalma da sanduna warwatse a ƙasa. 'Yan majalisa ba su taɓa shiga silima ba, tun da aka haife su ba su taɓa ganin abu irin wannan ba.

Can sai aka ji muryar Waziri daga cikin randar Iya: "Tuba muke, ranka ya daɗe! Mayar da rawaninka, mun bi har abada. Don Allah kada dai ka sake yin dariyar nan."

Sarki ya naɗa Jatau Sarkin Hayaƙi na Zumurrudu, ya mai da shi gida da raƙuma ɗari, shi kuwa Sarki ya hana kowa zuba masa ruwa a jiki, kada shuni ya fita. Mulki dai na Allah ne, Shi ke riƙe wa wanda Ya so, ko da matashin kai ne a cikinsa.