Kurege da Kasuwar Laraba

Ga ta nan, ku matso ku ji ta.

Ta iso, muna saurare.

Ni Kurege, mai jelar da babu irinta a dawa, tun da aka yi duniya ba a taɓa cutar wani kamata ba.

Na ratsa wani ƙauye ranar Laraba, na ga gyaɗa zube ko'ina. Na ruga gida na ce wa maƙwabciyata Bushiya, "Yaya, riƙe ramina, na yi gaba."

Ta ce, "Kwana nawa ka yi can, ƙanena?"

Na ce, "Mai ido irin nawa ba ya buƙatar kwana."

Alhamis na tare a ƙauyen. Rumfuna wayam, sai karnuka. Ashe kasuwa ce, mako-mako take ci. Kafin in komo, Bushiya ta haihu a ramin.

Wanda ya cuce ni kuwa, ga shi zaune gabanku yana kaɗa jela.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa.