Injin Baba Boaz

A garin Madakiya, kusa da Kafanchan, akwai wani manomin citta mai suna Kumai. Ba rago ba ne, ba ya kuma shaye-shaye. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya iya jira idan abu ya kusa ƙarewa. Kumai zai yi noma wata tara bai yi ƙorafi ba, sai ana saura mako biyu citta ta ƙosa ya ɗauki fartanya ya tone ta. Mu maƙwabtansa mun yi magana har bakinmu ya gaji.

Mahaifinsa, marigayi Baba Boaz, ya yi aikin yankan katako a gandun daji tun yana saurayi. Ya bar abu biyu da ake tuna shi da su. Na farko ɗakin da ya gina wa matarsa, Mama Yemima, da hannunsa. Na biyu wani tsohon injin yankan itace, irin wanda ba a jan igiya, maɓalli ake latsawa batir ya tashe shi. Shekara ashirin injin yana kwance a ƙarƙashin gado, tsatsa na cinsa.

A bayan ɗakin Mama Yemima akwai ƙaton maɗaci. Gara ta cinye saiwarsa ta gefe ɗaya, ya fara karkatowa kan rufin. Sau biyu aka kira masu injin zamani, suka zagaya shi, suka ce bakin injinsu ya yi gajere, suka tafi. Injin Baba Boaz kaɗai ke da dogon bakin da zai ratsa wannan gindi. An roƙi tsohuwar ta koma ɗakin surukarta, matar Kumai, ta ƙi.

"A ɗakin nan na haifi dukanku," in ji ta. "Ku cire itacen, ku bar mini ɗakina."

Sai Kumai ya ɗaura injin a bayan babur ya kai wa Malam Zubair, wani dattijo mai gyaran janareto da injin ban ruwa a kasuwar Kafanchan. Malam Zubair ya goge tabarau, ya daɗe yana duba shi.

"Ikon Allah! Rabona da ganin irin wannan tun ina yaron shago. Zai tashi, ɗana, amma sai ka sha yawo. Kayansa ba sa shago, sai a cikin bola."

Ya kuwa sha yawo. Ya je Jos neman kafireto, ya dawo da wanda bai shiga ba. Ya je Panteka a Kaduna sau uku, yana tsugune a rana yana tonon tarin ƙarafa har yatsunsa suka tsage. Kwayil sai da aka sake naɗa shi da hannu. Batirin asali ya mutu tuntuni, Malam Zubair ya haɗa wasu ƙanana ya cusa a gurbinsa. Fistin kuwa, a Jere aka same shi, wajen wani mai tsofaffin kaya a bakin titi da yake danne takardunsa da shi don kada iska ta kwashe.

Wata bakwai ana wannan wahala. Kumai ya rame, ƙeyarsa ta fito. Matarsa Paulina ta daina tambayarsa yadda aka yi, in ya shigo ta miƙa masa ruwa kawai. Mama Yemima kuwa kullum ta fito da safe sai ta ɗaga kai ta dubi maɗacin, ta ce, "Ubangiji, ka riƙe shi."

Ranar wata Juma'a, ana gab da faɗuwar damina, Malam Zubair ya latsa maɓalli. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama ruri, har masu shagunan kusa suka fito kallo. Kumai ya ji hawaye na zubo masa, bai ma ɓoye ba.

Malam Zubair ya kashe injin, ya riƙo hannunsa.

"Saurara da kyau. Wannan inji ba ya shan fetur zalla. Kowane galan ɗaya, sai ka zuba baƙin man haɗi cikin gwangwanin madara ɗaya, ka girgiza. In ya sha zalla, fistin zai narke, kuma ka san babu wani fistin a ƙasar nan. Ga kwalba ɗaya na haɗa maka, ka je ka tayar wa tsohuwa ta ji muryarsa. Amma kada ka taɓa itacen. Ranar Litinin zan zo da galan, da igiya, da mutum huɗu."

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ko ka dai amsa?"

"Kai Baba, ni da na jira wata bakwai, kwana uku ne zai gagare ni?"

To, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ranar Asabar da safe Kumai ya tayar da injin a tsakar gida. Mama Yemima ta zauna a kan turmi tana share ido, ta ce kamar mijinta ne ya dawo daga daji. Sai Kumai ya dubi maɗacin, ya dubi ɗan hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya saɓi injin.

"Baban Caroline, ba Litinin Malam ya ce ba?" in ji Paulina.

"Litinin ɗin ruwa zai jira ta? Aikin minti talatin ne fa."

Injin ya shiga itacen kamar wuƙa a gwanda. Garin katako na ta feshi, Kumai na ta murna. Ya yanka kusan rabi, sai injin ya yi shiru. Kwalbar ta ƙare.

"Ka hau mashin ka je Kafanchan ka sayo man haɗin," in ji Paulina. "Kafin in gama dafa wake ka dawo."

"In je in dawo? Saura kaɗan fa! Kwalba ɗaya ba za ta kashe shi ba."

Ya zare tiyo, ya tsiyayi fetur zalla daga tankin babur ɗinsa, ya ɗura. Wallahi ina tsaye a bakin danga, na ce, "Kumai, kada ka yi." Ko waiwayowa bai yi ba.

Injin ya tashi, ya ma fi ɗazu zafi. Bai yi minti goma ba sai muryarsa ta canza, wani ƙauri ya tashi, ya yi ƙara sau ɗaya ya tsaya cik. Kumai ya latsa maɓalli, shiru. Ya sake latsawa, shiru. Ya ja don ya zare shi, ina! Nauyin itacen ya danne bakin injin a cikin yankan.

Yanzu maɗacin da saiwa ɗaya ke riƙe da shi an raba masa gindi biyu, ga iska ta fara kaɗawa. Paulina ce ta yi hankali. Ta shiga da gudu ta kwaso akwatin tsohuwar da Littafi Mai Tsarki, muka janye Mama Yemima tana turjewa. Ba mu kai bakin ƙofar gida ba muka ji ƙara kamar ƙasa ta tsage. Maɗacin ya kwanta a kan ɗakin, ya raba shi biyu, ya murƙushe injin a ƙarƙashinsa.

Ranar Litinin da hantsi Malam Zubair ya iso da galan, da igiya, da mutum huɗu, kamar yadda ya yi alkawari. Ya tsaya ya dubi kangon. Ya tsugunna ya sunsuni tankin injin da ya fashe, ya miƙe a hankali. Bai yi faɗa ba.

"Gwangwanin madara ɗaya, ɗana," ya ce. Ya juya ya hau babur.

Mama Yemima tana zaune a ƙofar ɗakin surukarta, akwatinta a gefe. Kumai ya durƙusa a gabanta, ya ce zai gina mata sabo, na bulo da silin.

"Ka gina," in ji ta. "Amma ba hannun babanka ba ne."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, haƙuri ba a auna shi a farkon aiki, sai a ƙarshensa. Wanda ya jure wata bakwai ya kasa jure kwana uku, daidai yake da wanda bai jure komai ba. In masani ya ce maka ka dakata, ka dakata, domin ya hango abin da ba ka hango ba. Sauri kan haifi nawa, kuma akwai abin da in ya rushe, ko ka sake gina shi ba zai koma yadda yake ba.