Motar da Ke Tsalle Sau Uku

Akwai wani direba a Birnin Gwari mai suna Hamza. Yana da farar a-kori-kura da yake ɗauko masara da doya daga ƙauyukan wajen Kusasu zuwa kasuwa. Mutum ne mai baki. Idan ya ba ka labari sai ka rantse a gabanka aka yi.

Wata Talata da hantsi ya shiga ƙauye ɗaukar kaya. Ko buhu ɗaya ba a ɗora ba aka ji harbi daga gefen daji. Kowa ya watse. Hamza ya faɗa mota ya take ta.

A wata kwana kusa da rafi ya hango Baba Bakoji, wani dattijon manomi mai ciwon ƙafa, tsaye da sandarsa yana ɗaga hannu. Ya san shi sarai, ya sha cin gasasshiyar doya a gonarsa. Ƙafar Hamza ta je kan birki. Aka sake harbi, ta koma kan totur.

Tun daga ranar ba a sake ganin Baba Bakoji ba, ba shi ba gawarsa.

Da Hamza ya iso gari sai bakin nan nasa ya yi masa aiki. Ya ce motar cike take maƙil da buhuna, kuma da ya tsaya a hawan da ke kwanar nan da ba ta sake tashi ba, da su biyun aka rasa. Kowa ya ce ai ba laifinsa. Rachel, ’yar dattijon, har gida ta zo da kwanon gyaɗa ta yi masa godiya, don shi ne ya faɗa musu inda aka ga mahaifinta na ƙarshe. Ya karɓi gyaɗar, amma ya kasa cin ko ƙwaya ɗaya.

Daga nan motar ta sauya hali. Ko ƙaramin rami ta taka, sai bayanta ya yi sama ya dawo, ya sake, ya sake. Sau uku, kullum sau uku, kamar wani na bubbuga bodin daga baya yana neman a tsaya. Hamza ya duba madubi, ba kowa. Ya tsaya ya leƙa, ba kowa.

Matarsa Furera ta shiga sau ɗaya, ta ce ita kam ta gode, gara ta hau babur. Shi kuwa ya turara motar, ya yayyafa mata ruwan addu’a, ya yi sadakar ƙosai Juma’a uku a jere. Motar ba ta fasa ba. Ya rame, ya daina hira a tasha, ya naɗe madubin da tsumma.

Abu ɗaya ne ya ƙi yi, wato kai ta wurin makanike. Makanikensa na shekara da shekaru shi ne Gabriel, kuma Gabriel mijin Rachel ne.

Sai da motar ta kusa watsar masa da buhunan mutane a titi sannan ya kai ta, ba don ransa ya so ba.

Gabriel bai tambaye shi komai ba. Ya duba iskar tayoyi, ya ƙwanƙwasa sifirin. Sannan ya dafa kusurwar baya da hannu biyu, ya danna da ƙarfi, ya saki. Motar ta yi sama da ƙasa sau uku. Ya ce lafiyayyiyar mota sau ɗaya take tashi ta tsaya cak, wannan shok ɗinta ne ya mutu, ƙarfen da ke riƙe ta kada ta yi ta rawa.

Hamza ya ji wani sanyi a ransa. Ashe ba kowa a bayan, ƙarfe ne kawai.

Gabriel ya shige ƙarƙashin motar ya kwance shok ɗin biyu. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya ajiye su a gaban Hamza, duk sun jiƙe da mai, kan ɗaya ya yage.

“Malam Hamza, ni na ɗaura maka waɗannan sababbi, mako ɗaya kafin ranar harin nan,” in ji shi a hankali. “Mota mai kaya danne shok take yi. Waɗannan fizge su aka yi. Bayan motar ne ya riƙa tashi sama a kan ramuka. Mota mai buhu talatin ba ta tashi sama.”

Hamza ya tsura wa shok ɗin ido.

Gabriel bai ɗaga murya ba. Ya ɗaura wasu, ya danna kusurwar, motar ta tashi sau ɗaya ta tsaya. Ya goge hannunsa da tsumma.

“Nawa aikin na gama,” ya ce. “Ba daga bakina Rachel za ta ji ba. Amma tana gida.”

Hamza ya zauna a cikin motar kusan awa guda. Sannan ya tayar, ya nufi gidan Gabriel. Hanyar ramuka ce, motar kuwa ta tafi lafiya lau, kuma wannan shirun ya fi tsallen tsorata shi.

Ya tarar da Rachel tana sussukar masara a tsakar gida. Ya durƙusa ya faɗa mata komai: motar fanko ce, tsoro ne ya hana shi tsayawa, kunya ta sa shi ƙarya. Ba ta yi kuka ba. Hannunta dai ya tsaya.

“Baba ya gane ka?” ta tambaye shi.

“Ya gane ni. Ya kira sunana.”

“Sau nawa?”

Hamza ya sunkuyar da kai. “Sau uku.”

Ta ajiye masarar. Sannan ta ce tsoro kam ita ma da ita ce wataƙila ta gudu, wannan ta yafe. Amma gyaɗar da ya miƙa hannu ya karɓa, ita ce sai ya ba ta lokaci.

Yau Hamza na nan yana aikinsa, kuma ba ya wuce mai ɗaga hannu a hanya. Duk yawan kaya, yana barin gurbin mutum ɗaya a kusurwar baya. Masu lodi sun yi mita har sun gaji. Motar ta daina tsalle, amma duk lokacin da ya zo kwanar rafin nan yakan rage gudu, ya dubi madubi.

Darasi: Tsoro na iya kama kowa, kuma mutane sukan yafe shi. Ƙaryar da ka rufe shi da ita ce za ta bi ka duk inda ka je, har ranar da abin hannunka zai ba da shaida a kanka. Idan ka gaza wa wani, faɗi gaskiya tun da wuri. Ku tura wa ’yan uwa, wataƙila akwai wanda ke ɗauke da irin nauyin Hamza bai faɗa wa kowa ba.