Irin da Ya Faɗi Bayan Rumbu

Gwaggona Liyatu ce ta fara ba ni wannan misali, muna ɓarar gyaɗa bayan an tashi sujada. Ta daɗe da komawa ga Ubangiji. Yau ni zan ba ku, sai ku daina motsi a kan benci ku saurara.

Akwai wata mace, mijinta manomi ne mai ƙwazo, amma hannunsa ba ya iya zama wuri ɗaya. Da uwar matar za ta rasu, ba ta bar mata saniya ko gona ba, sai irin baban rini ƙulle a bakin zane, wato shukar nan da ake rina tufafi da ganyenta. Ta ce, "Ki shuka inda rana take bugawa, inda ruwa ba ya kwanciya. In kin shuka, ki bar shi. Saiwa ɗaya gare shi, ƙasa take nufa, ba ya son ƙaura."

Da damina ta faɗi, matar ta jiƙa irin a ruwan ɗumi, ta shuka shi duka a bayan ɗaki, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Ya tsiro, amma ɗan firit. Gero ya wuce kan mutum, shi ko gwiwa bai kai ba.

Mijin ya tsaya yana kallo, ya ce, "Wurin nan bai karɓe shi ba."

Ta ce, "Maigida, ƙasa yake yi tukuna. Ka bar shi."

Ya ce, "To."

Hm, "to" ɗin wasu maza! Tana dawowa daga rafi ta tarar ya cire rabi ya kai gindin mangwaro, wai su sha inuwa. Saiwar ta tsinke a ƙasa. Kafin Lahadi sun bushe.

Ta ce, "Haba, maigida! Me suka yi maka?"

"Taimakonsu na yi."

"Ka taimaki jakinka mana, ga shi can haƙarƙari a waje."

Rani ya shigo, sauran suka zubar da ganye, suka tsaya kamar tsinken tsintsiya. Halinsu ke nan, barci suke yi, ba mutuwa ba. Ta gaya masa da safe, ta gaya masa da yamma, har ta gaji da jin muryar kanta. Amma ranar da ta tafi gaisuwar rasuwa ƙauyen gaba, sai ya ɗauki fartanya, wai bari dai ya duba ko da rai. Ya tona na farko, ga saiwa ɗanya shar. Ya tona na biyu don ya tabbata. Da ya ga duk suna da rai, ya ce ai masu wannan ƙoƙari sun cancanci wuri mai kyau. Ya kwashe su ya dasa a bakin kwata inda ruwan wanke-wanke yake bi, ya lafta musu taki har wuya.

Matar ta dawo ta ga ramuka. Ta zauna a kan turmi, ta ce, "Uwata ta tsare irin nan daga fari, ta tsare shi daga fara. Ba ta san da kai ba."

Duka suka ruɓe. Ta kwance bakin zanen nan ta kakkaɓe, ko ƙwaya. Abin da uwarta ta bar mata ya ƙare, ba ta ƙara yin maganarsa ba.

Wata damina ta wuce, wata ta shigo. Ran nan kazarta ta ɓoye ƙwai, matar ta bi ta har bayan rumbu, wani ɗan matsatsi tsakanin rumbu da katanga inda rana take leƙawa da tsaka. Sai ga baban rini tsaye ya kai mata ƙugu, ganye ya yi luf-luf, har da 'ya'ya. Ashe ranar shuka a nan ta kwance ƙullin, ƙwaya ɗaya ta faɗi. Wurin ya yi wa kafaɗar maigida kaɗan, balle fartanyarsa. Ba wanda ya taimake shi, shi ya sa ya rayu.

Tana share hawaye, sai ta ji murya a bayanta: "Kai! Dubi abin da ya yi a wannan matsi! Da za a fito da shi fili..."

Ta juyo ta ce, "Maigida, in ka taɓa shi, tuwon gidan nan kai za ka tuƙa har Kirsimeti."

Ma'anar wannan misali ita ce, irin nan maganar Allah ce a zuciyar mutum, kuma ƙasa take fara yi kafin sama. Maigidan nan ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa, kuma mu ne. Kin yi addu'a ba ki ga amsa ba, sai ki tumɓuke kanki ki koma inda lasifika ta fi ƙara. Can ma ba ki zauna ba, kin ji labarin wani wuri. Yaushe za ki yi saiwa? Kai kuma, ɗanka ya yi shiru, kullum kana tononsa ka ga ko ya tuba. Ka tsinke abin da Ubangiji yake yi a ɓoye, ka dawo kana cewa yaron ba ya ji. Ranin zuciya ba mutuwa ba ne, 'ya'yana. Ku shuka, ku kewaye da addu'a, ku cire hannu. Na faɗa har bakina ya gaji.

Ita kuwa matar, da gari ya waye ta shiga jeji ta saro ƙaya, ta toshe bakin matsatsin nan har tsayin ƙirji. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke kuwa, awakinku tashi suke yi?"

Ta ce, "Wannan ƙayar ba ta awaki ba ce."