Masara a Ɗakin Haihuwa

"Umma, me ya sa baban can yake numfashi kamar tsohon injin niƙa?" Haka 'yata Adawiyya ta tambaye ni, da ƙarfi kuwa, muna wucewa ta gabansa ranar kasuwa. Na ja hannunta muka yi gaba. Amsar ta fi ƙarfin 'yar shekara biyar, amma ku manya ya kamata ku ji ta.

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Bakori da Danja, babban manomi, wanda sahun gaba ba ya wuce shi a masallaci. Matan ƙauyen sun daɗe suna wahalar haihuwa, don asibiti mafi kusa sai an sha tafiya a bayan babur. Da wata ƙungiyar agaji ta ba da tallafi, aka gina ɗakin haihuwa mai daɓen siminti da rufin kwano, aka sa gadaje biyu da fitilar sola. Jama'a suka damƙa masa makulli saboda ana ganin sa mai amana.

Ginin ya kammala ana gab da kaka, shekarar kuma masara ta yi masa kyau har rumbunansa suka cika. Kullum ya wuce sai ya kalli ɗakin nan: ba yoyo, ba ɓera, ba raɓa. Wata rana ya fitar da gadajen ya jingine su a bayan gini, ya jera buhuna har kusa da rufi. A ransa wata uku ne kawai, masara ta yi tsada ya kwashe.

Malamar asibitin da aka turo daga Funtua ta zo sau uku. Duk zuwa sai ya ce mata ai ba a ƙaddamar da wurin ba tukuna, sai manya sun zo sun buɗe da hannunsu. Ya 'yan uwa, naƙuda tana jiran manya?

Wata mai ciki, Tasalla, ita ce ta fara biya. Jini ya ɓalle mata da hantsi, mijinta Sada ya zo da gudu yana roƙon a buɗe ko malamar, da ke ƙauyen a ranar, ta samu wurin kwantar da ita. Mutumin ya shafa aljihu ya ce makullin yana wurin shugaban kwamitin ginin, alhali yana jin sanyinsa a cinyarsa. Aka ɗora ta a babur, ƙanwarta na riƙe da ita ta baya. Ba su kai kwalta ba ta cika, da abin da ke cikinta. Mai makullin ya je jana'iza, har da shi a masu ɗaukar makara.

Bayan mako biyu ƙwari suka fara taɓa masarar. Ranar Laraba ya cusa ƙwayar maganin nan da manoma ke kira bom a tsakanin buhunan, ya toshe tagogi da tsumma. Kowane manomi ya san in an sa ta, ba a shiga ɗaki sai an kwana bakwai. Ranar Alhamis saƙo ya iso cewa mutanen ƙungiyar za su zo Asabar su ga yadda ake amfani da wurin.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci a garin gaba, mutumin ya tsayar da babban ɗansa Mansur, wanda matarsa Naja'atu ke da tsohon ciki. Ya ce su sauko da buhunan bakin ƙofa kafin motar da za ta kwashe su ta zo. Mansur ya tuna masa maganin. Uban ya ce su ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, in sun fito su sha manja, shi ke nan. Ya kuma tura ƙofa ya sa sakata, kada mata masu zuwa rijiya su gani.

Can Mansur ya ce, "Baba, kaina zai tsage."

"Saura layi ɗaya," in ji uban.

Layin da ba su gama ba ke nan. Sai da aka ɓalle ƙofar aka jawo su. Mansur bai kwana ba. Uban ya rayu, amma ƙirjinsa ya tashi aiki; shi ne baban da 'yata ta gani ranar kasuwa. Masarar kuwa ba wanda ya taya, gonakinsa suka tafi ɗaya bayan ɗaya wajen magani.

Aka wanke ɗakin, aka mayar da gadaje. A nan Naja'atu ta haifi ɗa namiji. Da uban Mansur ya aika a kawo masa jikan ya yi masa huɗuba, ta ce a gaya masa yaron yana da kakan wajen uwa.

Ya 'yan uwa, kayan tallafi ba kayan da ba su da mai shi ba ne. Masu su su ne matan da ba su da bakin yi maka gardama. Allah ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin raunana, ya sauki masu ciki lafiya.

Kai kuma da makullin jama'a ke aljihunka yau, je ka buɗe ƙofar tun kafin a zo a ɓalle ta a kanka.